Baba Gariba, Hayaƙin Taya da Ƙarar da Huhu Ke Kaiwa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Gariba mai babbaka, kuma har yau idan na bi ta gefen kwata, mayankar garinmu, a kan babur na hango baƙin hayaƙi ya miƙe sama, sai in ji kamar in tsaya in leƙa ko yana nan. Ba na tsayawa. Na san wanda zan tarar a gurbinsa yayana ne, Inusa, da irin tsayuwar Baba da faɗin kafaɗarsa. Saboda Inusa ne ma na ɗauki alƙalami bana, bayan shekarun da na yi ina barin ranar rasuwar ta wuce da addu'a da sadakar ƙosai kawai.

Duk wanda ya taso a zangon Tamale, ko bai san sunan Baba ba, ya ci aikin hannunsa. Mahauta su yanka, su feɗe, su wuce da nama. Kai da ƙafa da fatar da za a yi ganda, wadda mutanen nan ke kira wele, su ake turo wa Baba ya ƙone gashin, ya kankare, ya wanke. Kakansa da ya biyo fatake daga ƙasar Hausa da itace yake wannan aiki. Da itace ya yi wuya, motoci kuma suka yi yawa, sai masu babbaka suka koma tsofaffin tayoyi. Taya ba ta da tsada, wutarta tana da ƙarfi, yayyafi ba ya kashe ta, kuma kafin ka gama gaisawa da mutum kan saniya ya yi fes. Baba yakan ce wanda ya ƙera taya bai san don wa ya ƙera ta ba.

Mutum ne mai son tsabta, abin da ke ba mutane dariya in suka tuna sana'arsa. Ran Juma'a sai ya yi wanka har ruwa ya ƙare a randa, ya sa farar riga, ya fesa turare, amma layukan tafin hannunsa suna nan baƙi ƙirin, babu sabulun da ya taɓa cin galabarsu. Da hannun nan yake shafa kanmu, da shi yake ɓoyo mana gasasshen harshe a takarda. Har na girma ina ɗauka warin ƙonanniyar roba shi ne ƙanshin uba.

Ba wai bai san hayaƙin yana da illa ba. Ya sani, duk masu babbaka sun sani, sai dai suna da maganinsu, wato nono. Kowace safiya wata Bafulatana mai suna Dija takan taso daga rugarsu can bayan Sagnarigu, ta fara sauke ƙwaryarta wajen masu babbaka kafin ta shiga kasuwa. In an tashi daga aiki Baba ya wanke fuska, ya ɗaga kwanon nono ya shanye a tsaye. Sai ya yi tari, ya tofar da baƙin kaki, ya nuna mana da yatsa yana murna, wai ga dattin nan nono ya koro shi. Fari yana wanke baƙi, lissafin ke nan, kuma ban taɓa jin mai babbakar da ya yi shakkarsa ba. Ranar da Dija ta yi fashi, madarar gwangwani ake fasawa.

Ni ce 'yar da aka sa a boko har na zama malamar ilimin halittu a sakandare, shi ya sa Baba yake kirana Ticha, da wata irin murya da ba ka gane yabo ne ko ba'a. Na taɓa ce masa nono ciki yake tafiya, hayaƙi kuma huhu, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ticha, a sukul an koya muku ƙirjina ne? Ni ke ciki, ni na san inda nono yake bi." Aka kwashe da dariya har da ni, don Baba ko ba shi da gaskiya in ya yi magana sai ka ji daɗinta.

Ciwon bai zo da gaggawa ba. Tarin safe ne da kowa ya saba da shi, sai ya zama na yini. Sai ya daina tayar da babur da ƙafarsa, yana kiran Inusa ya tayar masa. Sai mutumin da muryarsa ke kaiwa daga kwata har bakin titi ya koma raba magana biyu, ya faɗi rabi, ya huta, ya ƙarasa. Lokacin da ya yarda aka kai shi asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce huhun ya yi tabo ya taurare, kuma tabo ba ya komawa. Watanninsa na ƙarshe a zaune ya yi su, don kwanciya tana shaƙe shi. A zaunen ya cika, da rana tsaka, a ɗakinsa na gidanmu da ke Changli. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Bayan an watse zaman makoki wata tambaya ta tsaya mini a rai ta ƙi tafiya. Mutum ya fi shekara talatin yana shaƙar wannan hayaƙi, yana ɗaga kan bijimi da hannu ɗaya, to me ya riƙe shi duk tsawon lokacin, kuma me ya sake shi daga baya? Tambayar nan ce ta mayar da ni karatu a Kumasi, da aurena da 'ya'yana, na zauna cikin yara sa'o'in ƙannena ina leƙa ƙwayoyin huhu a madubin ƙara girma. Amsar da na samo ita nake so in ba ku yadda zan ba Baba da yana raye, wato ba Turanci, don shi in ka sa masa Turanci tashi yake ya bar maka wurin.

Huhu a can ƙarshensa ƙananan jakunkunan iska ne masu tarin yawa, kuma bangon kowace jaka an gina shi da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da cibiya, inda aka ajiye rubutun gado, wato umarnin duk abin da ƙwayar za ta ƙera da lokacin da za ta ƙera shi. A kewayen cibiyar kuma akwai wasu 'yan abubuwa da yawa da masana ke kira mitokondiriya. Su ne murhun ƙwayar. Su karɓi abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, su fitar da ƙarfin da jiki ke aiki da shi. A littafin da na yi shekaru ina koyarwa da shi, nan maganar take ƙarewa: cibiya ta ba da umarni, murhu ya ci wuta.

Ashe murhun ma yana magana. In hayaƙi ya shiga, ko iska ta yi ƙaranci, ko cuta ta kama, mitokondiriya suna cikin waɗanda kan fara jin jiki, don su ke mu'amala da iskar kai tsaye. Kuma ba sa yin shiru. Sukan saki wasu sinadarai masu kaifi, ka ce tartsatsin wuta, labarinsu ya isa cibiya. In ƙarfin da suke fitarwa ya ragu, akwai masu lura a cikin ƙwayar da ke kai rahoto. In kayan aikinsu sun lanƙwashe sun taru ba su shiga inda ya kamata ba, wannan ma da saƙonsa daban. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne, a wasu ƙwayoyin huhu, in iska ta yi ƙaranci, an ga mitokondiriya suna barin inda suke su matso su yi cincirindo a jikin cibiyar, yadda saƙon zai isa da ƙarfinsa ba sai ya yi doguwar tafiya ba.

Cibiya kuma tana amsawa. Ta buɗe sashen rubutun da ya dace, a ƙera abin kashe tartsatsin, a gyara wanda zai gyaru, a share wanda ya lalace, a yi sababbi. Ta rage sauran ayyuka har abin ya lafa. Wannan kai-komo ne ya riƙe Baba shekara da shekaru, ba nonon Dija ba. Kullum ya shaƙa, kullum su kai ƙara, kullum a gyara, shi kuma ya tashi da safe ya gode wa Bafulatana.

Amma an yi tsarin ne don wahalar da ke zuwa ta wuce. In ƙarar ba ta yankewa, yau hayaƙi gobe hayaƙi, ita kanta amsar sai ta zama ciwo. Ƙwayoyin da aikinsu shi ne su hayayyafa su maye gurbin bangon da ya lalace sai su maƙale a tsakiyar hanya, sun bar yadda suke, ba su kuma zama abin da ake bukata ba. Mitokondiriyan da suka fashe su zubar da ɗan rubutun gadon da suke ɗauke da shi na kansu, jiki ya ɗauka baƙuwar cuta ce ta shigo, ya turo masu yaƙi, wuri ya kumbura. Inda aka rasa sabon bango sai a cike da tabo, tabo kuwa ba ya shaƙar iska. Masu bincike har yanzu suna kan rarrabe wane saƙo ne ke gyara, wane ne ke ɓatawa, da ko za a sami maganin da zai rage wanda ya yi yawa. Ba su gama ba, kuma ba zan riga su magana ba. Abu ɗaya ne ba sai an jira su ba, shi ne a ɗauke hayaƙin tun jakunkunan da suka rage suna da yawa.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ji wannan. Na san da musu zai fara, ya tambaye ni wa ya shiga ciki ya jiyo hirar. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta, ina jin maganar murhu mai kai ƙara za ta shige shi, ko da ba zai bari in gani a fuskarsa ba. Da zai zaga Tamale ta yau kuwa, zai ga yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku, sun cika titi, gidaje sun wuce Vittin zuwa inda ya sani daji, mata da yawa sun koma girki da gas, yara suna ciniki a waya. Zai ce gari ya ci gaba, ya ƙara da cewa ganda dai ba a babbake ta a waya. Da a bara ne zai iso kwata, sai ya tarar da taya tana ci yadda ya bar ta, ɗansa a tsaye cikin hayaƙi, kwanon nono a gefe. A nan ne ban san ko daɗi zai ji ko tsoro ba.

Daminar bara Inusa ya fara tarin. Mma, mahaifiyarmu, ita ta fara ji, don ɗakinta yana jikin nasa. Ta kira ni ta ce, "Hajara, tarin Babanku ya komo gidan nan." Na sami Inusa da maganar asibiti, ya ce mura ce. Na sake komawa, ya ce in kwantar da hankalina, ya ƙara nono, yanzu safe da yamma yake sha. Da na matsa sai ya tuna mini cewa shi ya goya ni, kuma a gidanmu in babba ya faɗi haka an rufe magana. Mutumin nan bai kai hamsin ba, yana da mata da ƙananan yara, kuma na san abin da ke gabansa in ya ci gaba, don na gan shi a ɗakin Baba, na kuma gan shi a madubin ƙara girma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga ilimi a hannuna, ga yayana ya toshe kunne.

Wata yamma ina taya Mma tsintar shinkafa, haushi ya sa na zazzage mata karatun nan gaba ɗaya, murhu da cibiya da saƙo. Ban yi zaton tana bi ba. Da na zo wajen masu matsowa su taru a jikin cibiya, sai ta ɗago ta ce, "In sun yi magana daga nesa ba a ji ba, sai su taso su zo kusa?" Na ce haka aka gani. Ta ce to, ta ci gaba da tsintarta.

Matan gidan masu babbaka ba sa zuwa wurin aikin. Abin kunya ne ga namiji a ga uwarsa ko matarsa cikin wannan baƙi, kuma Mma duk zamanta da Baba ba ta taɓa taka wurin ba. Washegari ta yafa farin mayafinta na zuwa suna, ta ɗauki 'yar kujerarta ta tsakar gida, ta hau yalo-yalo ta sauka a kwata. Ni ina aji, ban gani ba. Abokan aikin Inusa ne suka ba ni labari, kowa da ƙarin gishirinsa, amma duk sun haɗu a kan abin da zan faɗa. Ta duba inda iska ke kaɗa hayaƙin, ta ajiye kujera a nan, ta zauna. Inusa ya saki abin da ke hannunsa ya zo ya durƙusa.

"Mma, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukun. Yi aikinka, ni ma na zo in shaƙi abin da kake shaƙa."

Ya roƙe ta, mahauta suka taru suna taya shi roƙo, har Sarkin Fawa ya aiko a ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba ni tashi koraa, ko kusa, sai dai ku ɗauke ni da kujerar." Ta fara tari, idanunta suna ruwa, mayafin ya soma komawa ruwan toka. Inusa ya ɗauki shebur ya binne wutar da yashi, ga kan saniya rabinsa a ƙone.

A makon muka je asibiti. Aka ɗauki hoto, aka sa shi ya hura iska a wata na'ura har jiri ya ɗebe shi. Likitar ta ce hayaƙi ya taɓa huhun, abin da ya yi tabo ya yi, amma mafi yawansa yana nan da rai, kuma in ya rabu da tayar nan yana da shekaru a gaba da yardar Allah. Inusa ya tambaye ta maganar nono. Ta ce ya sha abinsa, abinci ne mai kyau, sai dai bai taɓa leƙa huhun kowa ba. Ni na faɗi haka tun ina budurwa aka yi mini dariya, ita da farar riga sau ɗaya ta faɗa ya gyaɗa kai. Ban ji haushi sosai ba.

Ya janye rumfarsa zuwa inda hayaƙin maƙwabta bai cika kaiwa ba, ya koma babbaka da gas, tukunya da dogon bututu mai feso wuta. Aikin ya fi jinkiri, riba ta ragu, wasu masu sayen wele suka koma wajen maƙwabta don ba sa son jira. Abokai suka sa masa suna Mai Walda. Duk wannan bai dame ni ba. Babbar Sallah nake tsoro, don ranar ce kawunan raguna ke taruwa tsibi guda, kowa yana so a gama masa kafin la'asar, kuma a ranar mai babbaka yake samun abin da zai riƙe gidansa watanni.

Akwai wani abu a karatun nan da yake sa ni murmushi duk lokacin da na tuna. Mitokondiriya daga uwa ake gadonsu. Duk waɗanda ke ƙirjin Inusa da nawa na Mma ne, Baba bai ba mu ko ɗaya ba. Abin da ya bar mana yana cikin cibiya, rabin rubutun nan nasa ne, wato ɓangaren da ake kai wa ƙara ya ji ko ya ƙi ji. A matsayina na malama ba zan ce taurin kai a rubuce yake a wurin ba, ɗalibaina za su kama ni. A matsayina na 'yarsa kuwa na san inda Inusa ya samo nasa, na kuma san inda na samo nawa. Taurin kan nan shi ya tsayar da Baba a bakin wuta ya ciyar da mu, shi ya sa ya bar ni a boko lokacin da dangi ke cewa asara ce, shi kuma ya hana shi zuwa asibiti sai da lokaci ya ƙure. Shekara takwas ina kallonsa a matsayin abin da ya kashe mini uba kawai, sai Sallar bana ta canza mini ra'ayi.

Ranar, tun kafin azahar gas ɗin Inusa ya ƙare, tukunyar ajiya ma ta bi ta, masu sayarwa kuma sun rufe sun tafi cin nama. Ga kawuna jibge, ga masu su a tsaye. Wani dattijo maƙwabcinsa, tsohon abokin Baba, ya gangaro masa da taya har gabansa ya ce, "Yau ɗaya dai, Inusa. Da Gariba ne da tuni ya kunna." Gaskiya ya faɗa, da ya kunna. Inusa ya tsaya yana kallon tayar, waɗanda ke wurin sun ce har ya sa hannu a aljihun da ashana take. Sannan ya juya ya fara ɗaukar kawunan yana miƙa wa masu su da gashinsu, yana ba su haƙuri. Aka zage shi. Wata mata ta ce ya ɓata sunan ubansa, tun zamanin kakanni ba a taɓa mayar da kai ɗanye daga hannun gidan Gariba ba. Fuskar Inusa ta ɗaure irin ɗaurewar da duk wanda ya san Baba ya sani, wadda in ta zo ko Sarkin Fawa ba ya ƙara magana. Abin da ya rage na Baba a duniya ke nan, kuma a ranar ya tsaya a gefen ɗansa.

Da la'asar ya shigo gida, rigarsa ba baƙi, yana riƙe da kan ragonmu a leda, shi ma da gashinsa. Romon kai shi ne abincin Sallar gidanmu, ba a taɓa fashinsa ba ko a shekarar da aka yi rasuwa. Ya ajiye ledar a gaban Mma, kansa a ƙasa, ya ce, "Mma, bana ba romon kai."

Mma ta ture ledar gefe da ƙafa, ta ce, "Na sha romon kai har ya cinye mini miji. Zo ka zauna nan in ji numfashinka."

Ya zauna. Muka yi shiru gaba ɗaya muna saurare.